Damin da Na Ƙi Ɗauka

A makarantar sakandaren da nake koyar da tarihi cikin Birnin Kebbi, akwai darasin da ɗalibai suka san ina yi da zafin rai: yadda ake riƙe ƙasa a Turai ta zamanin da. Sarki ya ba babban bafade yanki, shi kuma ya yanka wa na ƙasa da shi, a haka har a sauko kan talaka mai fartanya, wanda zai yi wa ubangidansa noma, ya kai masa rabon amfanin gona, ya durƙusa ya yi rantsuwar biyayya. Idan na zo nan sai in bugi allo in ce, "Kun ga bauta da sunan amana!" Aji ya kwashe da dariya, don sun san Malam ya hau. Abin da ba su sani ba, ba da Turawa nake faɗa ba, da gidanmu nake.

Ƙauyenmu yana bakin fadama ne, kusa da Argungu. Kakanmu baƙo ne a can. Daga tudu ya sauko a wata shekarar yunwa, da mata da 'ya'ya da jaki guda. Mai gidan da ke da mafi yawan fadamar, wanda ake ce wa mai gandu, ya nuna masa wani yanki cike da ciyawa ya ce ya sare ya shuka. Sharaɗi biyu ne. Kowace shekara gidanmu zai ba da yini ɗaya na aiki a gandun mai gandu. Sannan idan shinkafa ta nuna, damin farko, da karansa da komai, wani namiji daga jinin gidanmu zai ɗauko shi a ka tun daga gona har zauren mai gandu. Gidaje biyar ne a kan wannan tsari, namu na tsakiya.

Na taso ina ganin Baba da damin nan a ka, yana ratsa gari, ruwan laka na zubo masa a wuya. Tun ina ƙarami abin yake ƙona mini rai. Da Baba ya rasu, yayana ya gaji gonar da damin duka. Shi bai yi boko ba. Da shinkafar gonar nan ya riƙe ni har na gama karatu, kuma bayan na kama aiki na tare a unguwar Gesse, kowace kaka sai buhu ya iso ƙofar gidana. Ina ci, ina hamdala, in koma aji in zagi tsarin da ya ciyar da ni.

To, sai wata shekara Yaya ya faɗi a babur, ya karye a cinya, daf da yankan shinkafa. 'Ya'yansa duk mata ne. Ya kira ni a waya.

"Malam, bana kai za ka ɗauki damin gidan gandu. Ni ka ga yadda nike."

Na ce, "Yaya, ni? A ka? In ratsa gari kamar jaki?"

Ya ce, "Baba ma a ka ya ɗauka."

Na ce masa ya bar ni da su, zan yi musu abin da ya fi dami. Na shiga babbar kasuwa na sayi buhun shinkafa gyararriya, fara tas, babu tsakuwa ko ɗaya, na ɗora wa ɗan kabu-kabu na ce ya kai zauren gidan gandu. Wallahi har daɗi nake ji. A lissafina buhun nan ya ninka dami sau nawa, kuma na nuna musu cewa mu ba bayin kowa ba ne.

Kafin la'asar buhun ya dawo ƙofar gidana, ko ɗinkin bakinsa ba a taɓa ba. Ɗan kabu-kabun ya ce wata tsohuwa ce ta fito ta ce ya mayar wa mai shi.

Na san tsohuwar. Yayar mai gandu ce, duk gari Gwaggo ake ce mata, kuma makullan rumbunan gidan suna ɗaure a haɓar zanenta tun ban san kaina ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce ai sai su ci kansu, wanda ya raina buhu ba ya bukatar dami. Yaya ya sake kira sau biyu, na ce masa magana ta ƙare, zamanin nan ya wuce. Daga nan ya daina kirana. Buhun kaka bai zo ba a shekarar, na ce fushi yake yi, zai huce.

Damina ta zagayo, mai gandu ya rasu. Babban ɗansa, wanda ya daɗe a birni yana harkokinsa, ya dawo ya karɓi gida. Ba a jima ba aka fara ganinsa a fadama da wani attajiri mai manyan injinan noma. Shi attajirin yana son fili mai faɗi a haɗe don noman rani. Gidaje huɗu sun kai daminsu bara, ba yadda za a yi da su. Namu ne kaɗai ya yi fashi. Wata safiya aka wayi gari an kafa turaku masu jan fenti a kusurwa huɗu na gonar Yaya, shinkafa tana tsaye a ciki.

Matar Yaya ce ta kira ni, ba shi ba. Ta ce an kai magana gaban ubanƙasa, ran Litinin za a zauna a shaida cewa gidanmu da kansa ya saki gonar. Ranar Juma'a ce. Ana idar da salla na hau mota.

Na tarar da Yaya a ƙofar ɗakinsa, sanda a gefe, ya rame. Ya amsa gaisuwata ya kau da kai. Aka kawo mini abinci, tuwon gero da miyar kuka. Na ce wa matarsa cikin wasa, "Yau kuma baƙo ba ya samun shinkafa a gidan manomin shinkafa?"

Ta dube ni tsaf. Ta ce, "Taso ka gani."

Ta buɗe rumbu. Cike yake taf da shinkafar bara, ba a ɗebi ko tafin hannu ba. A saman, an rataye dami guda da igiya, ya bushe ƙamas.

"Yayanka ya ce ba a cin sabuwa sai an kai na gidan gandu. Ba a kai ba, ba mu ci ba. Shekara guda ke nan muna gero, mu da ɗiya duka."

Innalillahi. Ni ina Gesse ina cin buhun da aka dawo mini da shi, ina taƙama na 'yantar da gida. Kunya ta rufe ni har na kasa komawa kan tuwon. Amma ni mutum ne mai taurin kai, sai kunyar ta koma fushi, na ce duk tsohuwar nan ce ta ja. Da ta karɓi buhuna da ba a kai ga haka ba. Na nufi gidan gandu a fusace.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ban ma gama gaisuwa ba na fara. Ta bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ta ce, "Zamna, malamin makaranta. Kai na ka karantar da ɗiyan mutane?"

Na zauna.

"Shinkafar buhu ta ɗan haya ce. Wanda anka ba gona haya, shi ka aiko da buhu, kuma ranar da anka gaji da shi sai a ce mashi tashi, ba mai cewa don mi. Mai dami ba haya yake ba. Dami da kara yake zuwa, da lakar gonar a jikinshi, a kan ɗan gida, gari na kallo. Wanda ya karɓe shi ya ɗauki nauyi: ba shi tada ku, ba shi bari a tada ku, in ruwa ya cinye muku shuka shi ka ba ku iri. Shekarar da gulbi ya shanye fadama, irin da ubanka ya shuka daga wane rumbu ya hito?"

Na tuna shekarar, na tuna Baba ya dawo da kwando a kan jaki, ban taɓa tambayar daga ina ba.

"Da na kwance buhun nan na dafa ko mudu guda," in ji ta, "da kai da hannunka ka maida yayanka ɗan haya. Da tuni an tada shi, ba sai an tai gaban ubanƙasa ba. Na maido maka don in tsare shi. Kai kuwa ka yi zuciya."

Shekaru ina koyar da abin nan a allo, ashe rabinsa na karanta. Na san abin da ya wajaba na ƙasa ya kai, ban taɓa tsayawa kan abin da ya hau kan na sama ba. Na tambaye ta a hankali ko akwai sauran dabara.

Ta ce fashin shekara ɗaya ana jira, na biyu ne ke raba mutane. Idan damin bara da na bana suka shigo zaure aka karɓa kafin Litinin, ba a yi fashi ba ke nan. "Amma ɗan ƙanena ba zai so ba. Kuma ni ba ni ɗauko maka. Wuyanka ne."

Washegari da hantsi na tuɓe kaftani, na ɗaura tsohon wandon Yaya, na karɓi laujensa. Shinkafar ba ta gama nuna ba sai ta gefen tudu, kuma kafin ka kai can sai ka ratsa ruwa har cinya. Ni da rabona da shiga fadama tun ina saurayi, ga tumbi na ajiye. Taku uku na yi laka ta riƙe takalmina, har yau yana can. Matsattsaku suka same ni kamar an yi musu gayya. Na yanki yatsa kafin in yanki shinkafa. Da na tara abin da ya isa na zo ɗauri, dami ya watse sau biyu.

Maƙwabcin gonarmu, wani dattijo daga gidajen nan huɗu, yana tsaye a kan kunyar gona yana kallona, dariya har da riƙe ciki.

"Malam, yau ba allo? Murɗa igiyar ta hagu, ka taka da gwiwa. A'a, gwiwa nac ce, ba ciki ba!"

Bai taɓa damin ba, don ba a taɓa wa mutum, amma bai tafi ba sai da na ɗaure shi tamau. Na jingine shi a bakin gona na koma gida, saboda na bara ne zai fara shiga.

Matar Yaya ta naɗa mini gammo, aka ɗora mini busasshen damin. Na fito. Ban san yadda labari ya zaga ba, amma kafin in kai bakin masallaci mutane sun fito ƙofar gidajensu. Wani ya ce, "Kai jama'a, ga boko ɗauke da dami!" Wata tsohuwa ta ce tafiyata irin ta ubana ce sak, sai dai shi ba ya haki. Ƙaiƙayi ya cika mini wuya, gumi na shiga idona. Da na waiga sai na ga magidantan gidajen nan huɗu suna biye da ni. Su ma sun san in aka cire gonar tsakiya aka zuba injuna, ba za su daɗe ba.

Ɗan mai gandu yana zaure, cikin farar shadda, waya a hannu. Sa'ana ne, tare muka yi firamare. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Haba Malam. Kai da iliminka? Ba kai ne kake cewa wannan bauta ce ba? Kowa ya ji ka. Na yarda da kai, na 'yanta ku. Ajiye wannan ciyawar ka tafi gida."

Maganata ce ya jefo mini, kuma ta same ni. Amma na lura da wayonsa. A al'ada mai dami ba ya saukewa da kansa, sai masu gida sun ce ya sauke. In na ajiye don kaina, kaya ne kawai na yar a ƙofar mutane.

Na ce, "Na faɗa, ban musa ba. Amma 'yancin da za ka ba mutum ka karɓe abincinsa, riƙe kayanka. Gidanku ya ci damin gidanmu tun daga kakana. Kun ci na Baba, kun ci na Yaya. Kowane dami da ya shiga zauren nan alkawari ne kuka ɗauka. Yau ranar cikawa ce, kuma ba na saukewa sai an ce in sauke."

Ya ce to in kwana a tsaye. Ya koma kan wayarsa.

Na tsaya. Rana ta take, wuyana ya fara ciwo. Mutane sun cika ƙofar gida. Gwaggo kuwa ba ta fito ba. Daga baya ta gaya mini da gangan ta yi, wai tana so in ɗanɗana abin da na raina. Allah ya sani na ɗanɗana.

Can sai ga ƙarar sandarta. Ta shigo zaure a hankali, ta wuce ɗan ƙanenta kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya a gabana.

"Ɗan gidan wa?"

Na faɗi sunan kakana, da na Baba.

"Sauke."

Ɗan mai gandu ya miƙe. "Gwaggo, ni ne mai gida yanzu!"

"Kai ne mai gida," in ji ta. "Makullin rumbu na hannun wa?"

Na sauke. Ta zare zangarniya ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta jefa ƙwayar a baki. Da sauran haƙoranta uku ta tauna ta, gari na kallo. Wata mata daga cikin gida ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na sulale na zauna a ƙasa, ina cewa alhamdulillahi, an gama.

Gwaggo ta taɓa ni da sanda. "Wanga na bara ne. Ina na bana?"

Jama'a suka fashe da dariya, har da ni. Na tashi na koma fadama. Ɗanyen dami ya ninka busasshe nauyi, ruwan laka na bin bayana har cikin wando, kuma tafiyar ta fi nisa. Amma wallahi zuwa na biyun nan ban ji kunya ko ƙwayar zarra ba. Kaina a sama, ina amsa gaisuwar mutane, har ina tsokanar masu tsokanata. Ta ce sauke, na sauke, ta tauna.

Ran Litinin muka hallara gaban ubanƙasa. Na shirya dogon jawabi, har da misalai daga tarihi. Bai ba ni dama ba. Ya saurari ɗan mai gandu har ya gama, sannan ya tambayi dattawa, "An kai dami?" Suka ce an kai, biyu. "An karɓa?" Suka ce an karɓa, an tauna, a gabanmu. Ya ce, "To mi kuka zo yi nan? A cire turaku."

Nan ne bokona ya yi rana sau ɗaya. Na nemi izini na ce, ranka ya daɗe, Gwaggo ta tsufa, dattawan nan ma haka, ranar da babu su wa zai tuna? Na roƙa a rubuta. Ya ce in rubuta da hannuna. Na rubuta abin da ke kan gidajen biyar, yinin gandu da dami, na rubuta abin da ke kan gidan gandu, ba tashi, ba sayarwa a kanmu, da iri in ruwa ya ci. Aka karanta da ƙarfi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ɗan mai gandu ya sa nasa yana cije leɓe. Da muka fito ya ce mini saura yinin gandu na bara da na bana, kuma zai tsaya a kaina da kansa. Na ce ya tanadi fartanya mai kyau.

Har yau ban ce tsarin nan adalci ne tsantsa ba. Mutumin da kakansa ya sare daji da hannunsa bai kamata jikansa ya tsaya a rana yana jiran a ce masa sauke ba, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka. Sai dai yanzu ina zana musu layi biyu a allo, mai hawa da mai sauka.

Yaya bai je zaman ba, ƙafarsa ba ta kai shi. Da na dawo ban same shi a gida ba. Matarsa ta ce tun da aka bugo waya aka faɗa masa hukuncin ya ɗauki sanda ya fita, ya hana kowa ya raka shi. Na bi shi fadama. Na hango shi a kusurwar gona, ya jingine sandar, ya rungumi turken nan mai jan fenti da hannu biyu yana jijjigawa. Uku suna kwance a kan kunya, ya riga ya tumɓuke su shi kaɗai, da karyayyiyar cinya. Na matsa zan taimaka ya ce in bari. Ya yi ta fama har na huɗun ya fito, ya wurga shi kan sauran.

Ya tsaya yana haki, ya ba ni baya yana kallon shinkafar. Na ga kafaɗunsa suna motsi, na san kuka yake. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Bai juyo ba. Ya share fuska da hannun riga, ya nuna gefen gulbi da haɓa.

"Ruwa ya ja baya. Jibi sai yanka. Ka kwana nan, ƙanena, ka ci tuwon shinkafa."